Hanya, Masauki da Gasasshen Nama: Tarihin Doguwar Tafiyar Mota a Amurka



Akwai wata ɗabi'a da muke yawan gani a labaran da ake turowa, har da namu mu masu wannan magana. Idan tauraron labari zai yi doguwar tafiya, sai a ce ya tayar da mota da asuba, a layi na gaba kuma ga shi ya isa. Inda ya bi, inda dare ya yi masa, da abin da ya sa a cikinsa, duk an tsallake su. To yau za mu leƙa Amurka, ƙasar da ta mayar da doguwar tafiyar mota al'ada, mu bi tarihin tambayoyi uku da kowane matafiyi yake yi wa kansa: wace hanya zan bi, ina zan kwana, me zan ci? A ido ƙananan tambayoyi ne. Amma a can sai da suka kai gaban Kotun Ƙoli, suka kuma sa shugaban ƙasa ya ba wani ministan Afirka haƙuri.

LOKACIN DA BABU HANYAR DA ZA A ZAƁA

A shekarar 1903 wani likita mai suna Horatio Nelson Jackson ya shiga musu da wasu a birnin San Francisco, har aka sa dala 50 a kan cewa mota ba za ta iya ratsa Amurka daga wannan teku zuwa wancan ba. Ya sayi mota ƙirar Winton, ya ɗauki wani matashin bakanike mai suna Sewall Crocker, suka kama hanya. A tsakiyar tafiya suka ƙara da wani kare, wanda sai da suka sa masa tabarau saboda ƙura. Kwana 63 suka yi kafin su shiga New York. Babu gidan mai a lokacin, a kantunan ƙauye ake sayen fetur. Babu alamar hanya, sai dai a tsaya a yi tambaya. An ce matambayi ba ya ɓata, amma su kam sun ɓata, domin an ruwaito cewa wata mata da gangan ta nuna musu hanyar da ba ita ba, don kawai su bi ta ƙofar gidansu danginta su ga mota.

Bayan shekara biyar kamfanin Ford ya fito da motar nan Model T, wadda talaka mai ɗan abin hannu zai iya saye. Motoci suka yawaita, hanyoyi kuwa suna nan yadda keken doki ya bar su. Sai 'yan kasuwa suka fara kafa ƙungiyoyin hanya. Wadda ta fi suna ita ce Lincoln Highway, da aka ƙaddamar a 1913 daga New York zuwa San Francisco. Ƙungiya takan zaɓi tsofaffin hanyoyi ta haɗa su, ta ba su suna guda, ta bi turakun wayar tarho tana shafa musu fenti mai launi don direba ya riƙa bi. Daga baya irin waɗannan hanyoyi masu suna suka haura 200, har turke guda yakan ɗauki fentin ƙungiyoyi barkatai. Kuɗin ƙungiya kuwa daga garuruwa da masu shaguna yake fitowa, don haka garin da ya biya shi hanya take bi ta cikinsa, ko da hakan zai ƙara wa matafiyi nisa. Tun daga farko ke nan, hanyar da direba yake ganin shi ya zaɓa, wani ne ya riga ya zaɓa masa.

A 1919 rundunar sojan Amurka ta tura ayarin manyan motoci daga Washington zuwa San Francisco don ta gwada hanyoyin ƙasar. Kwana 62 ayarin ya yi. Motoci suka riƙa kafewa a taɓo da rairayi, gadojin katako suka riƙa karyewa a ƙarƙashinsu. A cikin hafsoshin da suka sha wannan wahala akwai wani matashi mai suna Dwight Eisenhower. Mu riƙe sunansa, zai dawo.

A watan Nuwamba na 1926 aka yi watsi da sunaye aka koma lambobi. Hanyoyin da suka miƙe daga gabas zuwa yamma aka ba su lambobi masu rabuwa biyu cif, na kudu da arewa kuma aka ba su mara. A nan aka haifi hanya mai lamba 66, wadda ta tashi daga Shikago ta nufi Los Angeles, tsawon kilomita kusan 3,940, ta ratsa jihohi takwas: Illinois, Missouri, Kansas, Oklahoma, Texas, New Mexico, Arizona da Kalifoniya. Wani ɗan kasuwa mai suna Cyrus Avery yana cikin kwamitin da ya zana hanyoyin, kuma shi mutumin Tulsa ne ta jihar Oklahoma. Hanyar ta bi ta Tulsa. Hujjarsa ita ce bin kudu zai kauce wa manyan duwatsun Rocky da ƙanƙararsu, kuma hujja ce mai ƙarfi, sai dai inda baki ya karkata nan yawu kan zuba.

Sai a 1938 aka gama shimfiɗa wa hanyar daɓe daga farko har ƙarshe. Kafin nan ta riga ta ga taron da ba na yawon shaƙatawa ba. Fari da guguwar ƙura sun cinye gonakin Oklahoma da maƙwabtanta a shekarun 1930, iyalai suka ɗaure katifu a saman mota suka nufi Kalifoniya neman aikin gona. Wannan hijira ce John Steinbeck ya gina littafinsa The Grapes of Wrath a kanta, wanda ya fito a 1939.

INA ZA A KWANA

Otal-otal na wancan zamani don matafiyan jirgin ƙasa aka gina su. Suna tsakiyar gari kusa da tasha, babu wurin ajiye mota, kuma sai mutum ya ratsa babban zaure mutane suna kallonsa kafin ya kai ga ɗaki. Wanda ya wuni yana fama da ƙura da facin taya, da mata da yara a bayansa, ba ya son wannan kallo. Saboda haka direbobin farko tanti suke ɗauka, inda dare ya yi su kafa a gefen gonar wani. Manoma suka gaji da shara da satar 'ya'yan itace, sai garuruwa suka ware fili kyauta don matafiya su yada zango, da fatan za su yi sayayya a gari. Da aka ga marasa galihu sun fara tarewa a filayen, sai aka sa kuɗin shiga. Da kuɗi ya shigo, 'yan kasuwa suka shigo. Suka fara gina ƙananan ɗakunan katako jere, kowanne da gadonsa da wurin tsayar da mota a ƙofa.

A ƙarshen 1925 wani mai zanen gine-gine, Arthur Heineman, ya buɗe masauki a garin San Luis Obispo, wajen rabin tafiya tsakanin Los Angeles da San Francisco. Ya haɗa farkon kalmar mota da ƙarshen kalmar otal ya raɗa masa Mo-Tel. Sunan ya bi duniya, ko da yake shi kansa bai samu ya gina jerin masaukan da ya yi buri ba, domin karayar tattalin arzikin 1929 ta riske shi.

Abin da ya sa mutane suka so motel, wato shiga ɗaki ba tare da kowa ya gan ka ba, shi ne kuma ya ɓata masa suna. A 1940 shugaban hukumar FBI, J. Edgar Hoover, ya rubuta maƙala a wata mujalla yana zargin irin waɗannan masaukai da zama maɓoyar 'yan fashi da masu lalata. Magidanci mai tafiya da iyali ya shiga tsaka mai wuya. Da yamma ta yi sai ya fara rage gudu yana karanta allunan gefen hanya. Idan ya tsaya, al'ada ita ce ya nemi a ba shi mabuɗi ya duba ɗakin tukuna: ya danna katifa, ya ɗaga zanen gado, ya leƙa banɗaki, sannan a yi ciniki. Idan bai gamsu ba ya ƙara gaba, yana addu'ar kada na gaba ya cika.

A 1951 wani maginin gidaje daga Memphis mai suna Kemmons Wilson ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa biyar zuwa Washington a mota. Ya dawo a fusace. Ɗakunan ƙanana ne, wasu da datti, kuma ko'ina sai an ƙara masa dala 2 a kan kowane yaro. A watan Agusta na 1952 ya buɗe nasa masaukin a Memphis mai ɗaki 120, ya sa masa suna Holiday Inn, ya ce yaran da suka kwana ɗaki ɗaya da iyayensu ba za a biya musu ba. Dabararsa ita ce kowane reshe ya zama daidai da ɗan'uwansa, ta yadda wanda ya kwana a ɗaya ya san abin da zai tarar a sauran. Tsoron matafiyi ya gano, ya kuma sayar masa da maganinsa. Daga nan danna katifa kafin biya ya fara zama tarihi, masu ƙananan masaukai na miji da mata kuma suka fara jin jiki.

ME ZA A CI

Wanda ya san fina-finan kaboyi ya san rabin labarin naman. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, makiyaya suka riƙa koro garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene, daga nan a loda su zuwa babbar karar shanu ta Shikago, wadda aka buɗe a ƙarshen wannan shekara ta 1865. Da Gustavus Swift ya fara amfani da taragon jirgi mai sanyi wajen ƙarshen shekarun 1870, sai ya zama ana yanka a Shikago a ci ɗanyen naman a New York bai lalace ba. Naman sa ya yi araha, kaurin yankan da ke farantin mutum kuma ya zama ma'aunin wadatarsa. Wannan yanka mai kauri da ake gasawa a ci da wuƙa da cokali mai yatsu shi suke kira sitek.

Amma samun nama daban, samun wanda ba zai kwantar da kai asibiti ba daban. A zamanin jirgin ƙasa wani Bature ɗan asalin Ingila, Fred Harvey, ya fara gyara wannan tun 1876, inda ya buɗe gidajen abinci masu tsabta a tashoshin layin Santa Fe. Matafiyin mota kuwa ba shi da wannan gata. Duk rumfar da ya gani a bakin hanya, sa'a ce kawai, domin masu duba tsabtar abinci ba su cika kaiwa ƙauyuka ba.

Wanda ya cike wannan giɓi ɗan talla ne mai yawo da mota, Duncan Hines, mutumin Kentucky. Shekara da shekaru yana rubuta sunayen wuraren da ya ci abinci mai kyau a ɗan littafin aljihu. Yakan nemi a bar shi ya leƙa kicin, yakan kuma zagaya baya ya ga yadda ake zubar da shara. A 1935 shi da matarsa suka buga jerin gidajen abinci 167 suka aika wa abokai a madadin katin Kirsimeti. Buƙata ta yi yawa har ya mayar da shi littafi a 1936, mai suna Adventures in Good Eating, sannan a 1938 ya fitar da na masaukai. Ba ya karɓar kuɗin talla daga waɗanda ya yaba, shi ya sa aka yarda da shi. Mutane suka riƙa tsara tafiyarsu ta yadda azahar ko magariba za ta same su a wurin da Hines ya ambata. Abinci ya fara zaɓa wa mutum hanya.

Inda abin ya kai maƙura shi ne garin Amarillo na Texas. A 1960 wani mai suna Bob Lee ya buɗe gidan nama a bakin hanya ta 66, ya kira shi Big Texan. Ya sa gasa wadda har yau ana yin ta: a kawo maka sitek mai nauyin oza 72, wato ɗan sama da kilo 2, tare da dankalin turawa, jatan lande, ganye da burodi. Idan ka cinye duka cikin awa ɗaya ka ci kyauta, idan ka gaza ka biya. Ana zaunar da mai gasa a kan dandamali kowa yana kallonsa, agogo yana tafiya a bayansa. Allunan tallar suna fara bayyana tun mutum yana nesa ƙwarai da garin, don ya yi ta tunanin naman har ya iso. Mafi yawan masu tsayawa ba gasar suke shiga ba. Kallo ke kawo su, su ci daidai cikinsu su biya, kuma nan ne ribar take.

WAƊANDA BA A BA SU ZAƁI BA

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu labarin farar fata ne. Ga baƙar fatar Amurka, tambayoyin nan uku suna da wata amsa dabam.

Mota ta zo musu da 'yanci na gaske, domin ta raba su da wulaƙancin jirgin ƙasa da bas, inda ake tura su baya ko taragon da ke kusa da hayaƙin inji. Amma da zarar mota ta tsaya, wariya tana jira. A jihohin kudu doka ce ta raba wurin ci da wurin kwana. A arewa da yamma kuma, inda babu dokar a rubuce, mai masauki sai ya ce ɗakuna sun cika alhali allonsa yana cewa akwai. Akwai kuma garuruwan da aka san su da cewa kada rana ta faɗi baƙar fata yana cikinsu, wasu har da allo a bakin gari. Marubuciya Candacy Taylor, wadda ta bi diddigin wannan tarihi, ta nuna cewa kusan rabin gundumomin da hanya ta 66 ta ratsa irin waɗannan wurare ne.

Saboda haka shirin tafiyar iyalin baƙar fata ya fi kama da shirin ratsa daji. Uwa takan kwana tana soya kaji da dafa ƙwai, a jera a kwalin takalmi, don kada yunwa ta sa a tsaya inda za a ji kunya a gaban yara. A bayan mota akwai galan na fetur, da barguna, da bokiti saboda ba a ba su banɗaki. Da yawa sukan tashi da tsakar dare su yi ta tuƙi ba tsayawa, direbobi biyu suna karɓa-karɓa. Wasu masu mota mai kyau sukan ajiye hular direban haya a kusa, idan ɗan sanda ya tare su su ce motar maigidansu ce farar fata, domin baƙar fata da tsadaddiyar mota abin tsokana ne a idon wasu.

A 1936 wani ma'aikacin gidan waya da ke zaune a unguwar Harlem ta New York, Victor Hugo Green, ya fitar da ɗan littafi na wuraren da ke karɓar baƙar fata. Sunansa yana nufin kore, bangon littafin ma kore ne, sai aka san shi da Green Book. Bugun farko yankin New York kawai ya ƙunsa. Daga baya ya game ƙasar, jiha bayan jiha, gari bayan gari: otal, gidan abinci, gidan mai, shagon aski, gareji. Green ya dogara da 'yan'uwansa masu raba wasiƙa, waɗanda suka san kowane lungu, da kuma wasiƙun masu karatu. A garin da babu otal ko ɗaya da zai karɓe su, littafin yakan ba da sunan wata mata da ke saukar da baƙi a gidanta. Gidajen man Esso, waɗanda suka yi fice wajen hulɗa da baƙar fata, suna cikin masu rarraba shi.

Mu lura da wannan: littafin Hines da na Green a shekara ɗaya suka fito, kuma a kan hanyoyi ɗaya ake amfani da su. Mai riƙe da na farko yana neman inda nama ya fi laushi. Mai riƙe da na biyu yana lissafin ko man da ke tankinsa zai kai shi gari na gaba kafin duhu.

Masaukan da ke cikin koren littafin sun wuce wurin kwana kawai. A motel ɗin A. G. Gaston da ke Birmingham ta jihar Alabama Martin Luther King da abokansa suka tsara zanga-zangar 1963, kuma a watan Mayu na shekarar aka tayar da bam a wurin. A barandar motel ɗin Lorraine da ke Memphis, garin da aka haifi Holiday Inn, aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu, 1968.

DA ABIN YA TAƁA BAƘI DAGA AFIRKA

A watan Oktoba na 1957, wata bakwai bayan Gana ta samu 'yancin kai, ministan kuɗinta Komla Gbedemah ya tsaya shi da sakatarensa a wani gidan abinci na Howard Johnson's a garin Dover na jihar Delaware. Lemon zaƙi suka nema. Aka ba su a ƙunshe, aka ce su fita da shi, ba a yarda baƙar fata ya zauna ya sha a ciki ba. Labari ya bazu a jaridun duniya. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Eisenhower, wancan hafsan na ayarin 1919, kuma dole ta sa ya gayyaci ministan karin kumallo a fadar White House don ya wanke abin kunyar.

Abin bai tsaya nan ba. A 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yanci, jakadunsu suka riƙa zirga-zirga tsakanin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York da ofisoshinsu a Washington. Hanyar motar kuwa ta bi ta titi mai lamba 40 a jihar Maryland, inda gidajen abinci da yawa ba sa karɓar baƙar fata. A watan Yuni na 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa miƙa takardun kama aiki ga Shugaba Kennedy, ya tsaya neman kofi aka hana shi. Da 'yan jarida suka tambayi matar da ta hana, ta ce ita ba ta ga alamar jakada a tare da shi ba, baƙar fata ta gani kamar sauran. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kuma Tarayyar Sobiyet ba ta barin irin wannan labari ya wuce ba ta yayata shi ba. An ruwaito cewa Kennedy da farko cewa ya yi a gaya wa jakadun su riƙa hawa jirgin sama. Daga baya jami'an gwamnatinsa suka bi gidajen abincin ɗaya bayan ɗaya suna roƙon masu su.

Wasu suka amince za su karɓi jakadu, ban da baƙaƙen gida. Sai 'yan jaridar Afro-American ta Baltimore suka shirya musu tarko a watan Agusta na wannan shekara. Suka yi hayar doguwar mota da kayan ado, suka ce su manyan baƙi ne daga wata ƙasar Afirka mai suna Goban, ƙasar da babu ita a taswira. A wurare da dama aka zaunar da su aka ba su abinci. Suka koma suka buga labarin da hotuna: ɗan ƙasa sai ya yi shigar baƙo kafin a sayar masa da abinci a jiharsa.

MOTEL DA NAMA A GABAN ALƘALAI

Ranar 2 ga Yuli, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare haƙƙin jama'a, wadda ta haramta wariya a otal, motel da gidajen abinci. Masu adawa suna da abin riƙewa, domin tun a 1883 Kotun Ƙoli ta soke makamanciyar wannan doka, bisa hujjar cewa tsarin mulki gwamnati ya hana nuna wariya, bai hana ɗan kasuwa a cikin shagonsa ba. Don haka a wannan karo majalisa ta biyo ta wata ƙofa: tsarin mulki ya ba ta ikon tsara ciniki tsakanin jihohi.

Mai motel ɗin Heart of Atlanta, wanda ke da ɗaki 216, ya garzaya kotu. Sai aka nuna cewa yana talla a manyan hanyoyi, kuma kashi 75 cikin 100 na baƙinsa daga wasu jihohi suke zuwa. Wani gidan gashin nama a Birmingham, Ollie's Barbecue, shi ma ya kai ƙara, yana cewa shi mutanen unguwa kawai yake sayar wa, ba ruwansa da matafiya. Baƙar fata suna aiki a wurin, suna iya saye su tafi da shi, amma ba sa zama. Aka bi takardun sayayyarsa, aka tarar kusan rabin kuɗin da yake kashewa a kayan abinci na nama ne da aka shigo da shi daga wajen jihar Alabama. Ranar 14 ga Disamba, 1964, kotun ta yanke hukunci a shari'un biyu, babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa: dokar ta hau kansu. Matafiyin da ya tsallaka iyakar jiha da naman da ya tsallaka ta su suka zama hujja. Victor Green bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1960, matarsa Alma ce ta ci gaba da aikin. Ya taɓa rubuta fatan zuwan lokacin da ba za a buƙaci littafinsa ba, kuma bugun 1966 zuwa 1967 shi ne na ƙarshe.

ABIN DA SABUWAR HANYA TA CINYE

Eisenhower bai manta taɓon 1919 ba, ya kuma ga manyan titunan Jamus a yaƙin duniya na biyu. Ranar 29 ga Yuni, 1956, ya sa hannu a dokar gina sabbin tagwayen hanyoyi na mil 41,000, kusan kilomita 66,000, gwamnatin tarayya tana biyan kashi 90 cikin 100. Hanyoyi ne marasa danja, marasa mahaɗa, masu kewaye gari maimakon ratsa shi.

Garin da aka kewaye kuwa kasuwarsa ta mutu. Wani dattijo mai gidan abinci da masauki a Corbin ta jihar Kentucky, Harland Sanders, ya sayar da wurinsa da hasara da ya ga matafiya za su koma wata hanya, ya shiga mota yana tallar sirrin soya kazarsa. Shi ne mai farin gemun da ke jikin allon KFC. Big Texan ya tsira ne saboda ya tattara ya koma bakin sabuwar hanya a 1970. A 1984 aka kewaye Williams ta jihar Arizona, gari na ƙarshe da ya rage, a 1985 kuma aka soke lamba 66 daga jerin hanyoyin tarayya.

Baƙaƙen fata sun biya nasu kason har sau biyu. Injiniyoyi sun bi da sabbin hanyoyin ta tsakiyar unguwanninsu, irin su Overtown a Miami da Rondo a Saint Paul da Greenwood a Tulsa, aka rushe gidaje da shaguna. Sannan da ƙofar manyan otal ta buɗe wa kowa, masu kuɗinsu suka koma can, ƙananan masaukan da suka rufa musu asiri shekara talatin suka rasa baƙi, mafi yawansu suka rufe. Tsofaffin motel ɗin da Turawa suka gaji da su kuwa, baƙi daga jihar Gujarat ta Indiya suka riƙa saye, da yawansu masu sunan Patel, har ya zama yau kusan rabin motel ɗin Amurka a hannun 'yan asalin Indiya suke.

Yanzu wayar hannu ce ke zaɓa wa direba hanya, ta kama masa ɗaki, ta nuna masa taurarin da aka ba gidan nama. Masu yawon buɗe ido daga Turai da Japan suna hayar mota su bi ragowar hanya ta 66 don ɗaukar hoto, motel ɗin Lorraine kuma ya zama gidan tarihi.

Mu koma inda muka faro. Idan muka sake ɗora wani a mota a cikin labari, ko Amurka ce ko tsakanin Kano da Legas, mu tsaya mu tambaye shi tambayoyin nan uku. Me ya sa ya bi ta nan bai bi ta can ba? Wa zai buɗe masa ƙofa idan dare ya yi, wa zai ce ɗaki ya cika? Zai zauna ya ci a faranti, ko a leda za a ƙunsa masa? Wanda ya gwada, ya ajiye mana sakin layi ɗaya a ƙasa mu karanta tare.

Sai mako mai zuwa, idan rai ya kai.